Zubin Tsara Manhaja da Kurakuran Kod: Tambayoyin Ajinmu na Agege da Amsoshinsu

Kowace Asabar bayan La'asar muna haɗuwa a wani ɗaki kusa da masallacin unguwarmu a Agege. Mukan kai mu 20 in kowa ya zo: masu sana'ar POS, ɗaliban jami'a, da 'ya'yan 'yan kasuwar Mile 12 da suka gaji da ganin ana rubuta bashin miliyoyi a littafin makaranta. Wasu da kwamfutar cinya ta hannu da aka sayo a Computer Village ta Ikeja, wasu da waya kawai. Ni aikina rubuta manhaja ne a wani kamfani a Yaba, kuma rabin rayuwata ta aiki ta tafi wajen gyaran kod, wato rubutattun umarnin da ke tafiyar da manhaja, wanda wasu suka rubuta suka bar wurin. Tun da muka shiga babin zubin tsari, tambaya ɗaya ce take sake riga tana dawowa: bin zubin nan rage kurakurai yake yi, ko ƙara su? Ga tambayoyin yadda aka yi mini su, da amsoshin da na bayar, na haɗa da abin da lokaci bai bari na faɗa a aji ba.

Malam, shi kansa zubin tsarin nan mene ne?

Je ka wurin telan da ya shekara 30 a kan keke ka ce masa babbar riga kake so, ko 'yar shara. Ba zai tambaye ka yadda ake yankawa ba. Sunan kaɗai ya ishe shi sanin inda zai bar sarari da inda ɗinki yakan ɓalle in an matse. Amma awon jikinka sai ya ɗauko tef ya auna, domin suna ba ya faɗin faɗin kafaɗa.

Zubin tsari haka yake. Hanya ce da masu rubuta manhaja suka ga tana maimaita kanta wajen warware wata irin matsala, sai suka ba ta suna don su riƙa fahimtar juna da kalma ɗaya. Asalin tunanin daga magina ya fito: masanin zanen gine-gine Christopher Alexander da abokan aikinsa sun tattara zubi 253 na gina gari da gida a 1977. A 1987 Kent Beck da Ward Cunningham suka jarraba tunanin a kan manhaja. Sai a 1994 mutum 4, Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides, suka fitar da littafin da ya bazu duniya, mai zubi 23: guda 5 na yadda ake ƙirƙirar abubuwa, 7 na yadda ake haɗa su, 11 na yadda suke hulɗa da juna.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. A wurin mutanen nan 4, kowane zubi yana da ginshiƙi 4: suna, matsalar da yake warwarewa, maganin, sai kuma abin da zai biyo baya in ka yi amfani da shi, mai daɗi da marar daɗi. Mafi yawanmu muna haddace suna da zanen magani, mu tsallake na huɗun. A wannan na huɗun kurakurai suke kwana.

To a ba mu amsa kai tsaye: yana rage kurakurai ko ba ya ragewa?

Ya danganta da wane zubi ne, kuma wannan an auna shi. Marek Vokáč, wani mai bincike a ƙasar Norwe, ya bi diddigin wata babbar manhajar kasuwanci da aka rubuta da harshen kwamfuta na C++, mai layi kusan 500,000, mako bayan mako har shekara 3, ya wallafa sakamakon a 2004. Ya kwatanta yawan kurakuran da ake gyarawa a kilas-kilas ɗin da ke cikin wani zubi da na sauran kod (kilas shi ne ɗaya daga ƙananan sassan da ake raba kod zuwa gare su). Abin da ya samu ya bambanta ƙwarai daga zubi zuwa zubi, daga kashi 63 zuwa kashi 154 cikin 100 na matsakaicin manhajar baki ɗaya. Kod ɗin da ke cikin zubin Masana'anta, wato Faktori, ya fi ƙarancin kuskure. Na zubin Tilo, wato Singilton, da na Mai-sauraro, wato Obzaba, sun kasance a manyan sassa masu sarƙaƙiya da ke buƙatar sa ido. Zubin Tamfilet kuwa, mai shimfiɗa matakan aiki ya bar wasu a cike daga baya, bai karkata ko'ina ba, domin an yi amfani da shi a wurare masu sauƙi da masu wuya duka.

Don haka duk wanda ya ce maka "ka bi zubi ka huta da kurakurai", ya faɗi fiye da abin da aka gani. Ni fahimtata bayan shekarun nan ita ce zubi yana sauya wa kuskure mazauni ne. Yakan toshe wata ƙofa, ya buɗe wata. Amfaninsa babba shi ne ƙofar da yake buɗewa sananniya ce, an rubuta ta, kana iya tsayawa a bakinta tun kafin ɓarawo ya zo.

Ke nan Tilo da Mai-sauraro su ne ke haifar da kurakuran?

A nan sai a yi hattara. In ka bi ta Oshodi ko Ojota da yamma, inda cunkoso ya fi tsanani nan za ka ga jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci sun fi yawa. Wanda ya ƙirga kawai zai ce su suka kawo cunkoson, alhali cunkoson ne ya kawo su. Mai rubuta manhaja ba ya ɗauko zubin Mai-sauraro a wurin da komai yake a fili. Yana ɗauko shi ne inda sassa da yawa ke jiran labari ɗaya, kuma irin wannan wurin dama can mai wuya ne.

Akwai wani abin kuma. James Bieman da abokan aikinsa a Amurka sun duba manhajoji 5 a 2003, suka ga cewa a 4 daga ciki kilas-kilas ɗin da ke cikin zubi sun fi sauran yawan shan canji. Wannan ya ba mutane mamaki, domin an zaci zubi zai sa a daina taɓa su. Amma in ka yi tunani, su ne tsakiyar manhajar, duk sabuwar buƙata ta nan take bi. Kod ɗin da ake yawan taɓawa kuwa shi ne ke yawan karyewa.

Sai dai ba zan wanke waɗannan biyun tas ba. Suna da nasu laifin, kuma na gan shi da idona.

Mene ne laifin Tilo? Ai shi ne ya fi sauƙin fahimta.

Sauƙin nan nasa ne tarkon. Tilo yana cewa abu kaza guda ɗaya ne tak a duk manhajar, kuma kowa na iya kai hannu gare shi daga ko'ina. Rabin farko na maganar wani lokaci gaskiya ne. Rabi na biyu shi ne randar da aka ajiye a tsakar gidan haya ba murfi: kowa na ɗiba, kowa na zubawa, in ruwan ya gurɓace ba ka san hannun wa ba.

Watanni kaɗan da suka wuce wani ƙanenmu a aji ya rubuta manhajar shago ta intanet, mai kyau kuwa. Ya ajiye bayanin wanda ya shiga a cikin Tilo, don kowane shafi ya iya sanin wane ne. A kwamfutarsa komai daidai, tun da shi kaɗai ne ke shiga. Sai na ce mutum 2 su shiga da wayoyinsu lokaci ɗaya. Wata 'yar'uwa ta shiga, wani ya shiga bayanta da daƙiƙa kaɗan, ta danna shafin lissafinta, sai ga sunansa da kuɗinsa a kan wayarta. Ɗakin ya yi tsit. A saba, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet, shirin guda ɗaya ne ke yi wa kowa hidima, saboda haka "mutumin da ya shiga" ba ɗaya ba ne, Tilo kuwa wuri ɗaya gare shi. Na ƙarshen shiga yana share na gabansa. Da a ce banki ne, wannan ya isa a rufe ƙofa.

Ƙofa ta biyu ita ce gwaji, wato ɗan kod da ake rubutawa don duba ko manhaja na aiki daidai. Gwaji na farko ya bar wani abu a cikin Tilo, na biyu ya tarar da shi. Sai ka ga kowane gwaji yana wucewa in an gudanar da shi shi kaɗai, in an haɗa su sai wani ya faɗi, gobe kuma wani daban. Da zarar mutane sun saba da gwajin da ke faɗuwa ba dalili, sai su daina kula shi, ranar da ya faɗi da dalili ma ba mai dubawa.

Ta uku ita ce zaren aiki, wato ayyukan da shiri ɗaya ke gudanarwa gefe da gefe a lokaci guda. In zare 2 suka nemi Tilo a lokaci ɗaya kafin a ƙirƙire shi, ana iya samun guda 2. Shekaru da dama masu rubutu da harshen Java suna yaɗa wata dabara ta duba sau biyu kafin a kulle, har a littattafai da mujallu, daga baya masana suka nuna cewa ba ta da tabbas: wani zaren na iya karɓar abin tun ba a gama gina shi ba. Sai da Java 5 ta fito a 2004 da gyararren tsarin memori kafin dabarar ta zama abin dogaro, shi ma sai an sa wa ma'ajin alamar da ta dace. Ƙwararru ne suka faɗa ramin nan, ba 'yan koyo ba.

A Android kuma, in ka ba Tilo wani shafin allo ya riƙe, shafin ba zai taɓa fita daga memori ba, domin Tilo yana raye muddin manhajar na raye. A waya mai ƙaramin memori, irin wadda yawancin abokan cinikinmu ke riƙewa, wannan shi ne manhajar da ke nauyi tana mutuwa da rana tsaka.

Shi kansa Erich Gamma, a wata hira a 2009, ya ce da za a sake littafin yana goyon bayan a cire Tilo. Abin da nake ba ku shawara shi ne ku ƙirƙiri abin sau ɗaya a farkon shirin, ku miƙa shi hannu da hannu ga duk kilas ɗin da ke buƙatarsa. Har yanzu guda ɗaya ne, amma yanzu kuna ganin wa ya karɓa.

Mai-sauraro fa? Kun ce kun taɓa ƙonewa da shi.

Na ƙone. Zubin kamar sanƙira ne: yana shela, duk wanda ya rubuta sunansa a jerin masu sauraro ya ji ya yi abin da ya shafe shi. Mai shela bai san su wane ne ba, kuma wannan ne amfanin, domin kana ƙara sabon mai sauraro ba ka taɓa tsohon kod ba.

Na taɓa rubuta wa wani dillalin tumatir a Mile 12 ƙaramar manhajar waya. Yaransa suna shigar da kwandunan da aka sauke daga mota da kuɗin da masu saro suka biya. Duk biyan da aka shigar, shela takan fita, masu sauraro 3 su amsa: ɗaya ya rage bashi, ɗaya ya tura saƙo ga mai kaya a Arewa, ɗaya ya sabunta allo. Mako 2 lafiya lau. Sai wata safiya wayata ta yi ƙara ana fitowa daga Asuba.

"Injiniya, zo ka ga abin da na'urarka ta yi. Mutumin nan kuɗin kwando 10 ya biya, an share masa bashin 30."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, ga ni nan zuwa."

Na duba kod ɗin a mota tun daga Agege har Ketu ban ga komai ba. Lissafin ragewa daidai yake, gwajinsa yana wucewa. Da na isa sai na zauna a kan benci tsakanin kwanduna, ga laka, ga 'yan dako suna neman hanya, na ce wa yaron ya yi aikinsa yadda ya saba, ni kallo kawai zan yi. Ya buɗe shafin biya, sai aka kira shi a waya, ya fita ya amsa. Ya dawo ya sake buɗewa, sai wani ya tambaye shi farashin jiya, ya koma baya ya duba. Ya buɗe a karo na uku, sannan ya shigar da kuɗin. A nan na gani. Duk buɗewar shafin tana rubuta sabon mai rage bashi a jerin, rufewa kuwa ba ta goge shi. Buɗewa 3, ragewa 3. Ni a teburina sau ɗaya nake buɗewa in shigar in rufe, shi ya sa ban taɓa cin karo da shi ba.

Gyaran goge sunan layi ɗaya ne. Amma gyaran gaskiya shi ne na cire rage bashi daga cikin masu sauraro gaba ɗaya, na mayar da shi cikin aikin shigar da biyan kansa, ya zama ko duka biyun su faru tare ko kada ɗaya ya faru. Saƙo da sabunta allo na bar su a shela, domin in sun zo sau 2 ba wanda ya yi asara. Mun kwashe yini muna bin littafin Alhaji layi-layi muna maido da bashin da aka share. Wasu masu saron sun riga sun tafi da yaƙinin sun biya, kuma shi ne ya sha kunyar kiransu. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin amanarsa ce a kasuwa na taɓa.

Ƙofofin Mai-sauraro sanannu ne: rajista sau biyu, mantawa da gogewa, dogaro da cewa wane zai ji kafin wane alhali ba a yi alkawarin jeri ba, da mai sauraron da ke tayar da wata shelar har abin ya zama zobe. Java ma ta ayyana nata tsohon kilas na wannan zubin a matsayin wanda ya kamata a daina amfani da shi tun fitowar Java 9 a 2017.

Waɗanne ne kuka ga suna taimakawa da gaske?

Waɗanda ke tattara hukunci a wuri ɗaya. Yawancin kurakuran da nake gyarawa a Yaba iri ɗaya ne: an rubuta ƙa'ida ɗaya a wuri 6, aka canza 5, aka manta da na shida. Masana'anta tana hana wannan wajen ƙirƙirar abu, tun da ƙofa ɗaya ce kowa ke bi ya karɓa a kammale. Adafta tana yin haka da kamfanonin waje: in kana hulɗa da masu sarrafa biyan kuɗi 2 ko 3, kowanne da yadda yake faɗin "an biya", sai ka fassara su duka zuwa harshe ɗaya a bakin ƙofa, kada bambancinsu ya watsu cikin gida.

Wanda na fi ƙauna shi ne zubin Hali. Ɗauki biyan kuɗi: yana iya zama ana jira, ko ya yi nasara, ko ya faɗi, ko an mayar. In ka riƙe wannan da 'yan alamomin e ko a'a guda 3 ko 4, wata rana za ka tarar da ciniki da ya yi nasara kuma ya faɗi lokaci guda, domin ba abin da ya hana. In kuwa kowane hali ya san inda aka yarda ya tafi daga nan, to kuɗin da ba a biya ba ba za a iya mayar da shi ba, wanda aka mayar ba za a sake mayarwa ba. Kuskuren ya rasa wurin tsayawa. Nasa raunin shi ne in an ƙara sabon hali aka manta da duba tsofaffin hanyoyi, don haka zana taswirar a takarda kafin ka taɓa kod.

Ni mai POS ne. Matsalarmu netwok ce, a cire kuɗi sau biyu ko a cire bai shiga ba. Zubi na da ruwa da wannan?

Yana da ruwa da tsaki, sai dai waɗannan zubin ba sa cikin 23 ɗin nan. Sun fito ne daga masu haɗa kwamfutoci da yawa ta layi. A Legas aka fara gwajin tsarin rage hada-hadar tsabar kuɗi a 2012, kuma duk wanda yake garin nan farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya ga yadda layukan tura kuɗi suka cika har suka riƙa tsinkewa.

Ga yadda abin yake faruwa. Na'ura ta tura buƙatar cire kuɗi, saba ta cire, amsar ta ɓata a hanyar dawowa. Na'urar ba ta da hanyar bambance "buƙatata ba ta isa ba" da "ta isa, amsar ce ta ɓata". In mai rubutun ya sa zubin Sake-gwadawa shi kaɗai, sai ta sake turawa, a cire sau 2. Ka ga zubi mai kyau ya haifi kuskure saboda an raba shi da abokin tafiyarsa. Abokin shi ne a ba kowane ciniki lambar shaida tasa tun kafin turawar farko. In saba ta ga lambar da ta riga ta yi wa aiki, sai ta maido da amsar farko kawai, ba ta sake taɓa kuɗi ba. Na ukunsu shi ne Bireka, wanda Michael Nygard ya yaɗa a 2007, kuma aikinsa irin na birekar wutar gida ne: in wancan ɓangaren ya faɗi sau da yawa a jere, a daina tura masa na ɗan lokaci ya farfaɗo. In ba haka ba, dubban na'urori masu sake gwadawa su ne za su ƙarasa danne shi.

Tun da haka ne, ba gara a bar zubin gaba ɗaya ba?

A'a. Wanda ya ƙi tsari ba ya tsira, yana faɗawa cikin mummunan zubi ne bai sani ba. Mafi shahara shi ne kilas ɗin da ya haɗiye komai, mai layi dubbai, shi ne lissafi, shi ne allo, shi ne rumbun bayanai. Foutse Khomh da abokan aikinsa sun duba irin waɗannan miyagun zubi 13 a fitowa 54 na manhajojin ArgoUML da Eclipse da Mylyn da Rhino, suka wallafa a 2012 cewa kilas-kilas ɗin da ke cikinsu sun fi sauran shan canji da kuskure a kusan duk fitowar. A nan shaidar ta fi ƙarfi da daidaito fiye da ta kyawawan zubi.

Yaushe ya kamata in shigo da zubi a aikina?

In matsalar ta nuna fuskarta. Akwai tsohuwar ƙa'ida a sana'ar nan: karo na farko rubuta kai tsaye, karo na biyu ka daure da maimaicin, a karo na uku ka tsaya ka gyara tsari. A lokacin ka ga misali 3 na gaske, ka san abin da ke canzawa da abin da ke tsaye. Kafin nan hasashe kake yi, kuma kowane kilas da ka ƙara don gobe da ba ta zo ba wuri ne da wani zai ɓata a ciki.

Lutz Prechelt da abokan aikinsa a Jamus sun gwada wannan da ƙwararrun ma'aikata 29, aka wallafa a 2001. Sun ba su ayyukan gyara 9, wasu a kan kod mai zubi, wasu a kan mai sauƙi. A yawancin ayyukan zubin ya taimaka, ko aƙalla bai ƙara ɓata lokaci ba. Amma a wasu kaɗan, mai sauƙin ne ya fi saurin gyaruwa ko ya fi ƙarancin kuskure. Wannan shi ne abin da nake gani a wurin aiki.

Kuma kullum ka tambayi kanka ko yanayin da aka yi maganin dominsa shi ne naka. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse daƙiƙa kusan 40 bayan tashinta na farko. Kod ɗin da ya jawo haka daga Ariane 4 aka ɗauko shi, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. Sabuwar rokar tafiyarta ta sha bamban, wata lamba ta girma fiye da ma'ajin da aka tanada mata mai bit 16. Wannan aron kod ne, ba aron zubi ba, amma ciwon ɗaya ne. Kayan aro ba ya rufe katara sai an sake awo.

Mu masu Python da JavaScript fa, duk wannan ya shafe mu?

Rabi. Peter Norvig ya nuna a 1996 cewa 16 daga cikin 23 ɗin suna sauƙaƙa ko su ɓace a harsuna irin su Lisp da Dylan, domin harshen da kansa yana yin aikin. A Python, zubin Dabara, wato iya musanya hanyar yin wani aiki da wata, sau da yawa miƙa aiki ɗaya ne ga wani aikin, ba sai ka gina kilas 4 ba. Amma ƙofofin kuskuren suna nan. Ma'ajin da ka ajiye a saman fayil kowa na canza shi Tilo ne ko ba ka kira shi haka ba, kuma mai sauraron da ka ɗaura wa maɓalli a shafin intanet ka manta ba ka cire ba shi ne dai abin da ya same ni a Mile 12.

Yaya, ina shirin ganawar neman aiki. In haddace duka 23?

Kada ki ɓata dararenki a haka, ƙanwata. Cheng Zhang da David Budgen sun tattara binciken da aka yi a kan zubin nan suka wallafa a 2012, kuma ba su sami hujjar cewa yana koya wa sabon shiga tsara manhaja ba. Inda suka ga alamar amfani shi ne wajen kula da kod da gyaransa. Ɗauki 5 ko 6 da kike cin karo da su kullum, ki rubuta kowanne da hannunki, ki karya shi da gangan, ki gyara. In mai ganawa ya tambaye ki Tilo kika faɗa masa yadda yake ɓata gwaji da abin da za ki sa a madadinsa, kin wuce wanda ya zana masa 23 a allo.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuto mana kod cike da zubi. Mu karɓa?

Ku karanta kafin ku karɓa. Daga kod ɗin mutane suka koya, saboda haka suna kawo zubin da kamanninsa masu kyau, amma ba su zauna a benci sun ga yadda yaron shago ke buɗe shafi sau 3 ba. Duk zubin da suka ba ku, ku duba ƙofarsa da kanku.

Ta yaya za mu gane inda namu kurakuran suke taruwa?

Tarihin Git ɗinku, manhajar da ke ajiye duk canjin da kuka yi wa kod, ya riga ya rubuta amsar. Ku fitar da duk canje-canjen da aka yi da sunan gyaran kuskure a wata 6 da suka wuce, ku ƙirga sau nawa kowane fayil ya fito. Kada ku tsaya nan, domin babban fayil dole ya fi fitowa: ku raba adadin da yawan layukansa, ku kuma duba sau nawa aka taɓa shi gaba ɗaya. Ku ɗauki 10 na sama ku buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A kowanne ku tambaya: wane zubi ne a nan, kuma kuskuren ta sananniyar ƙofarsa ya shigo, ko kuwa wurin ne dama mai wuya? In babu zubi sam sai dogon jerin "in kaza, in kaza" da aka maimaita a wasu fayilolin, to wataƙila nan ne zubi zai yi muku rana.

Aikin gida na Asabar mai zuwa ke nan, kowa a kan manhajarsa. Mai Tilo ya rubuta gwajin da mutum 2 ke shiga lokaci ɗaya. Mai Mai-sauraro ya buɗe shafi ya rufe sau 5 kafin ya danna, ya ƙirga sau nawa aka amsa. Mai zubin Hali ya gwada mayar da kuɗin da ba a biya ba. Masu harkar biya su tura buƙata ɗaya sau 2 da lambar shaida ɗaya, su kashe data a tsakiyar ta farko. Wanda ba shi da kwamfuta ya zo da wuri, zan kawo tawa ta biyu, kuma za a tayar da janareta daga ƙarfe 4.